Ragon Suna a Ofishin Jakadanci

Abin da na fara haddacewa a ƙasar nan shi ne ƙeyar mutumin da ya karɓe mana fasfo. Muna sauka daga jirgi ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana miƙa hannu, yana murmushi kamar ƙanin uwarmu, ya zuba su a jaka ya juya, mu kuma muka bi shi. Ba zan faɗi sunan ƙasar ba, don har gobe akwai mutanen da nake tsoron a taɓa su a can. Bakin teku ce, can gabas da nisa, inda rana ke riga ta gida fitowa da sa'o'i.

Ni Lawali ne, haifaffen Bungudu, a Gusau na koyi walda. Ejan da ya kwashe mu ya rantse mana cewa sababbin jiragen ruwa za mu riƙa ƙerawa, cikin rumfa, da fanka. Allah Ya isa! Matattun jirage muka tarar, an jawo su bakin gaɓa cikin taɓo, aikinmu mu yi ta yanka su da wuta gunduwa-gunduwa. Ga zafi, ga warin tsatsa da baƙin mai, ga shinkafa da kifi safe da yamma har na tsani duk abin da ke iyo. Akwai ranar da na zauna na yi hawaye saboda hoce, gasasshiyar wainar dawa ta garinmu. Hoce fa, wanda a gida sai innata ta yi ta bi na da shi ina cewa na ƙoshi.

Mu 'yan Zamfara mun kai goma sha wani abu a gida guda, amma biyu ne nawa. Akwai Sanusi ɗan Tsafe, sa'ana, mai sanyin hali, wanda ko ka taka shi sai ya ce ka yi haƙuri. Sai Baba Ila mutumin Karakkai, dattijonmu kuma limaminmu, manomin da bai taɓa yar da komai ba a rayuwarsa. Lanƙwasasshiyar ƙusa, tsohon buhu, guntun igiya, duk suna ƙarƙashin katifarsa. In ka tsokane shi sai ya ce, “Ku yaran yanzu ba ku san wuyar abu ba. Wata rana shi na za ya hisshe ku.”

Ɗan ƙasar da ya fara duban mu a matsayin mutane shi ne Dawud, mu muna ce masa Dauda. Gajere ne, mai furfura a gefen kai, tsohon mai yankan ƙarfe, kuma shi ke riƙe da ƙungiyar ma'aikata a wurin. A watana na farko wutar walda ta cinye mini ido don ba a ba mu tabarau ba, na kwana kamar an zuba mini yashi. Da safe ya zo ya yanka ɗanyen dankali ya ɗora mini a fatar ido, ya cire tabaransa ya rataya mini a wuya. Ba na jin yarensa, ba ya jin nawa. Da hannu muke magana, da guntun Turanci, da 'yan ayoyin da muka haɗu a kansu don shi ma Musulmi ne. Bayan haka wani faifan ƙarfe ya kuɓuce ya danne Sanusi a ƙafa, masu wurin suna ta shawarar wa zai kira mota, Dauda ya goya shi a baya ya ruga da shi asibiti.

Shi ne kuma ya gano ba mu da fasfo a hannu. Ranar na ga fushin gajeren mutum. Ya tara 'yan ƙungiya, aka ajiye wuta, aka zauna a ƙofar ofis ƙarƙashin wani ƙaton jan ƙyalle mai farin rubutu irin nasu. Ba a tashi ba sai da mai ƙeyar nan ya fito da jakar da hannunsa. Mun shiga ƙungiya a ranar, ba don mun san siyasarsu ba, don dai mun san wanda ya yi mana alheri. Da fasfon ya dawo ne Sanusi ya samu ya je gida hutu, ya dawo yana wani sunne kai, ba a daɗe ba muka ji matarsa na da ciki.

Cikin ya tsufa ke nan soja suka karɓi mulki. Wata safiya rediyo ta daina magana sai kiɗan badujala, muka leƙa muka ga motocin yaƙi a kan gadar sama da ta bi ta bayan gidanmu. Aka kafa dokar soja. Ba fita bayan magariba, ba taron da ya wuce mutum kaɗan, an soke duk wata ƙungiyar ma'aikata, ana farautar shugabanninsu gida-gida. Aka rufe wurin aikinmu. Kowa ya ƙone katinsa da hularsa ta ƙungiya, Dauda kuwa ya ɓace kamar ba a taɓa yin sa ba. Ƙaton ƙyallen nan ma an jefa shi bayan katanga za a cinna masa wuta, sai ga shi ya ɓace shi ma. Babu wanda ya tambaya, don kowa ta kansa yake yi.

Ana cikin haka aka bugo daga Tsafe, an haihu, namiji. Ɗan fari! Sanusi ya rasa inda zai sa kansa don murna. Ya ce tun da ba zai ga suna ba, to a yi a can, mu ma mu yi a nan lokaci guda. Mahaifinsa zai tara malamai a ƙofar gida da safe, shi kuma zai bugo waya ya faɗi sunan da bakinsa, a yanka rago can, a yanka rago nan. Bai gaya wa kowa sunan ba. Ni dai na gane sunan da na ga ya bi ta hannun wani mai shayi ya aika wa Dauda saƙo a maɓoyarsa cewa ya daure ya zo.

Wani daga cikinmu ya ce, “Baba, an hwa hana taro.”

Baba Ila ya dube shi sheƙeƙe. “Taro anka hana. Wanga suna na. Ka taɓa jin inda gwamnati ta hana suna?”

Wallahi duk mun yarda da shi. A kanmu taro shi ne inda ake ɗaga hannu ana ihu. Zama a tabarma a ci goro a shafa fatiha kuwa, wannan ai ba ya cikin lissafin kowace doka.

Sai dai safiyar Tsafe ita ce tsakar ranarmu, kuma tsakar gidan ba ko bishiya. Ana ta maganar inda za a samo inuwa, sai Baba Ila ya shiga ɗaki ya fito da abu a naɗe, yana wani cika yana batsewa. Jan ƙyallen ƙungiya ne.

“Yadi mai kauri hakanga a ƙone shi? Almubazzaranci ke nan,” in ji shi. “Ku kwantar da hankalinku, na san abin da ni kai.”

Dabararsa ita ce ya juya rubutun ya kalli sama, farin bayan ya kalli ƙasa, don kada baƙo ya ɗaga kai ya karanta. Muka yaba da hikimar dattijo, muka ɗaure kusurwoyin da guntayen igiyoyinsa. Babu ɗayanmu da ya tuna cewa soja a kan gada suke, kuma daga sama suke kallon gidan.

Ni aka aika in karɓo rago daga wajen wani makiyayi a bayan gari. Fari ne mai baƙin kunne, da taurin kai kamar ya san abin da ke jiran sa. Ja-in-ja da muka yi ta yi a hanya shi ya makarar da ni, shi ya kuma cece ni. Ina shawo kwanar layinmu na hango motocin soja a ƙofar gida, ana cusa mutanenmu ciki da gindin bindiga, fararen rigunansu na Juma'a duk ƙasa. Na ga Baba Ila ba hula. Na ga Sanusi hannu a baya. Na ga Dauda, jini na zuba daga bakinsa, wani soja na naɗe jan ƙyallen a hammata.

Na tsaya a tsakiyar hanya riƙe da igiya. Wata tsohuwa mai sayar da busasshen kifi, wadda ban taɓa ko gaishe ta ba, ita ta fizgo rigata ta tura ni bayan buhunanta, ni da rago, ta zauna a gabanmu tana korar ƙuda kamar ba komai. Ina durƙushe a nan wayata ta hau ruri. Mahaifin Sanusi ne.

“Lawali, ƙaƙa? Malammai sun taru, rana ta hito, wayar yaron ga ba ta shiga. Mi as sunan?”

Ina jin hayaniyar ƙofar gidan a bayansa, har da muryar maroƙi. Na ce, “Baba, Dauda. Ya ce a sa Dauda.”

Ya maimaita wa mutane, na ji an ɗauki fatiha. Sai ya matsa gefe, ya rage murya. “Lawali, ina ɗana?”

Na gaya masa. Sai ya ce, “To. Kai ka rage waje. Amana ta a hannunka.”

Babban birni, inda ofisoshin jakadanci suke, tafiyar yini ce. Wani direban motar kayan miya ya yarda in hau baya. Mutane suna tambaya ta har yau don me na tafi da ragon. To in bar wa wa? Ragon suna ne, ba a yanka ba, mai shi na hannun soja. Ban iya sakin igiyar ba, shi ke nan. Ashe shi zai zame mini takardar wucewa. Duk shingen da muka zo, soja su leƙo su ga baƙin mutum zaune kan kabeji rungume da rago, sai su fashe da dariya su ɗaga sanda. Ba wanda ya ga alamar ɗan ƙungiya a jikina.

Unguwar jakadu na tarar da ita kamar tasha. Manyan ƙasashen Turawa sun fitar da sanarwa masu zafi, sun la'anci kama 'yan ƙungiya, wasu sun kira jakadunsu gida, ana ta loda akwatuna a motoci. Wata maƙwabciyar ƙasa kuwa har ta aika wa sojan da gaisuwar fatan alheri. Na yi ta jan ragona ina duba tutoci har na ga kore da fari. Ban san ina son tutar nan haka ba sai ranar.

Mai gadi ɗan ƙasar ne, ya ce mutum zai iya shiga, dabba ba za ta shiga ba. Na ce tare muke. Ya ce a'a. Ni kuma da ma ba a san ni da haƙuri ba, ga yunwa, ga tsoro, sai na buɗe baki da Hausa na shiga zazzaga masa, na haɗa da ragon, da ejan da ya kawo mu, da Baba Ila da yadinsa. Ina cikin yi na ji murya daga tagar bene.

“Kai! Wane na wanga mai zagi da bakin Bungudu?”

Na ɗaga kai. Mace ce, da ɗan kwali da tabarau, da ƙaramin gicciye a wuya. Na ce, “Hajiya, ɗan Bungudu na.”

“Ba Hajiya ba ce, Madam Rifkatu ta. Sabon Gari anka haife ni, can Gusau. Mai gadi, bar shi shi shigo, da shi da abokin tahiyarshi.”

Jama'a, na yi wata da watanni ban ji Hausar gida daga bakin baƙo ba. Nan bakin ƙofa na tsuguna na yi kuka kamar yaro, ba kunya. Ita ce mai kula da al'amuran 'yan ƙasa a ofishin. Iyayenta mutanen Filato ne, aikin koyarwa ya kai mahaifinta Gusau, a can ta tashi tana cin tuwon maƙwabta. Ta sa aka ba ni abinci, ta saurare ni har ƙarshe. Da na zo kan rubutun da ya kalli sama, ta cire tabarau ta dafe goshi.

“Wayyo Zamfarawa,” ta ce. “Ku kaɗai za ku yi wanga aiki a duniya.”

Aka ba ni tabarma a ɗakin direba, aka ɗaure rago a gindin wata bishiya. Kafin gari ya waye ya tsinke igiya ya cinye furannin da matar jakada ke ji da su. Da ƙyar Madam ta kashe wutar.

Bincikenta ya nuna mutanenmu na barikin da ke kusa da tashar jiragen ruwa. Sauran za a iya korar su gida, amma Sanusi an ware shi, don shi ne mai gayya, shi ya kira Dauda da ake nema ruwa a jallo. Kotun soja za a kai su su biyu, kuma waɗanda aka kai kotun nan ba a cika jin labarinsu ba. Ina jin haka na ce to ai sai jakada ya fito ya yi musu kaca-kaca kamar yadda Turawa suka yi. Da yamma ta nuna mini sanarwar da ofishinmu ya fitar. Wai ƙasarmu na bibiyar al'amarin da kulawa, tana kira ga kowane ɓangare ya kai zuciya nesa.

Na miƙe tsaye. “Kai zuciya nesa? Madam, an fasa wa mutum baki a gabana! Wane ɓangare? Ɓangaren mai bindiga da ɓangaren mai goro? Wannan ai tsoro ne aka sa masa babbar riga!”

Ta bar ni na gama. Sannan ta nuna mini gidan jakadancin Turawa da ke kallon namu, an garƙame shi da kwaɗo. “Ka ga waɗancan? Sun faɗi gaskiya, kuma na ji daɗi da sunka faɗa. Amma sun tahi. Yau in an kama nasu, wa za ya je bariki? Mu da munka yi magana kamar ruwan sanyi, har yanzu in na buga waya ana ɗauka. Ni ma ba daɗi ni ka ji ba, Lawali. Kana son a ji muryarmu, ko kana son Sanusi?”

Na fita na zauna wajen ragona ina huci. Har yau ban gama yafe wa sanarwar nan ba, amma a ranar na san wanda nake so.

Kwanaki suka yi ta tafiya. Ta rubuta, ba amsa. Ta je, a ce kanar ɗin da ke riƙe da barikin ya fita. Ta koma, a ba ta shayi a ce gobe. Kullum da safe mahaifin Sanusi zai bugo, ba ya tambayar komai sai, “Lawali, an kwana lahiya?” Wannan gaisuwar ta fi zagi ciwo. Madam ce ta ce in sa a turo mana hoton bidiyon sunan da aka yi a Tsafe. Aka turo. Ga malamai a tabarma, ga wanzami na aske kan jariri, ga rago an rataye.

Ranar da kanar ya yarda ya gan ta, ta ce in yi wanka in sa riga mai kyau, in kuma ɗauko rago. Na ce, “Rago kuma?” Ta ce, “Shi ne babban shaidarmu.” Haka muka shiga bariki da motar ofis mai tuta a gaba, rago a baya yana leƙe.

Kanar ɗin dogo ne mai jajayen idanu, da alama ya kwana biyu bai yi barci ba. Ya shimfiɗa jan ƙyallen a tebur ya ce, ta bakin tafinta, ga hujja, an kama baƙi suna taron haramtacciyar ƙungiya da shugabanta a tsakiyarsu. Madam ba ta yi musu ba. Ta gaishe shi, ta tambayi iyalinsa, ta tambaye shi ko yana da 'ya'ya. Sannan ta miƙa masa wayar, ta bayyana masa yadda muke yi in an haihu, da yadda uba ke sa wa ɗansa sunan mutumin da ya fi ganin girmansa. Ta ce waɗannan mutane ba su iya karanta ko harafi ɗaya na abin da ke kan ƙyallen ba, inuwa suka gani. Sai ta taka zuwa taga ta nuna masa mota.

“Ranka ya daɗe, a aikinka ka taɓa kama 'yan tawayen da suka zo taro da wannan?”

Kamar an gaya masa, ragon ya ɗaga kai ya yi wani dogon kuka. Kanar ya yi ƙoƙarin daurewa, dariya ta ƙwace masa. Na ce a raina shi ke nan, an gama. Ina! Ya share ido ya ce labarin ya yi daɗi, amma maganar ta wuce teburinsa.

A mota na ce, “To dariyar me ya yi?” Ta ce, “Yanzu ya san gaskiya. Saura a ba shi dalilin aiki da ita.”

Dalilin ya zo da kansa. Janar ɗin da ya karɓi mulki ya shirya wata babbar liyafa, yana son jakadu su zo a ɗauki hoto, duniya ta ga ba a guje shi ba. Yawancinsu sun ce ba za su ba. Jakadanmu, wani dattijo mai ƙarancin magana, shi ma ba ya son zuwa. Madam ta shiga wajensa suka daɗe. Da ta fito ta buga wa ofishin janar waya a gabana, da murya kamar zuma, ta ce mai girma jakada na matuƙar son halarta, sai dai damuwar 'ya'yansa da ke tsare ta sa jininsa ya hau, likita bai tabbatar zai iya fita ba.

Ranar liyafa jakada ya fito cikin babbar riga, fuskarsa kamar mai zuwa jana'iza. Ya tsaya kusa da ni ya ce, “Ɗana, yau zan yi musafaha da hannun da ba na so. Allah Ya sa kada ta tashi a banza.” Washegari hotonsa ya fito a jaridunsu, yana tsaye kusa da janar. Na san akwai 'yan ƙungiya a ɓoye da suka ga hoton nan suka tofa yawu, kuma ban ga laifinsu ba.

Kwana biyu bayan haka aka ce mu je filin jirgi. Ba a sallame su a gari ba, daga bariki sai bakin jirgi. Ina tsaye da Madam motar ta buɗe, suka fara saukowa, sun rame sun yi baƙi. Ina ta ƙirga fuskoki. Baba Ila ya sauko. Wani ya sauko, wani ya sauko. Can ƙarshe sai ga Sanusi yana ɗingishi da ƙafar nan tasa. Na ruga na rungume shi har muka kusa faɗuwa. Alhamdu lillahi! Wani nauyi da na yi makonni ina ɗauke da shi ya sauka.

Sai na leƙa cikin motar. Ba kowa.

Madam ta ce ta roƙa a saki Dauda, har sau nawa. Kanar ya ce mata baƙi nata ne, ta kwashe su, amma Dauda ɗan ƙasarsu ne, ba ruwan kowane jakada da shi. A jirgi Sanusi ya ba ni sauran labarin. Dauda na shigowa gidan ya ɗaga kai, rana ta haska ƙyallen, ya ga inuwar rubutun. Ya yi ihu, ya kama igiya yana ja. Akwai katangar baya da zai iya haurawa ya tsira, ya tsaya kwance rumfar don ya cece mu. A ɗakin da aka tsare su ya tambayi Sanusi da hannu wane suna aka sa wa yaron. Da ya ji, ya yi ta dariya da fasasshen bakinsa.

Ragon kuwa a ofishin jakadanci na bar shi. Na ce wa Madam ta yanka su ci. Ta ce, “Ba nawa ba ne. Bar shi nan, ai ya riga ya gama da furannin.”

Ranar da muka isa Tsafe motar ba ta gama tsayawa a bakin titi ba mutane suka rufe mu. Mahaifin Sanusi ya riƙe hannuna da hannu biyu. Aka miƙo wa Sanusi ɗansa. Na ci hoce a Bungudu har innata ta ce ko lafiya. Na koma walda a Gusau, Baba Ila ya koma gonarsa a Karakkai, inda har yau in aka ce “rumfa” sai ya tashi ya bar wurin.

Abu ɗaya ne ya ƙi daidaituwa. Sanusi ba ya iya kiran sunan ɗansa. Sai dai ya ce “yaron ga”. In wani ya ce Dauda, sai ya sunkuyar da kai. Ya ce mini, “Lawali, ni na kira shi. Yana ɓoye lahiya lau, ni na kira shi cin goro.”

Muka riƙa bin labarin ƙasar a rediyo. Ashe Turawan nan masu ihu da suka kulle gidajen jakadancinsu ba su yi shiru ba. Sun tsayar da tallafi, ma'aikatan tashoshin ruwa a ƙasashensu suka ƙi sauke kayan jiragen ƙasar. Abin ya yi ta cizon sojan a hankali, har muka ji an fara sakin 'yan ƙungiya kaɗan-kaɗan ba tare da sanarwa ba. Sunan Dauda dai ba mu ji ba.

Yaron ya fara rarrafe ke nan, wata Juma'a ina shago, saƙon bidiyo daga Madam ya shigo wayata. Na kalli farkonsa kawai na rufe shago, na hau mashin sai Tsafe. Na tarar da Sanusi a zaure da ɗan a cinyarsa. Na zauna na miƙa masa wayar.

Harabar ofishin jakadanci ce. Ga ragon nan, ya yi ƙiba kamar ɗan maraƙi. Ga wani tsoho siriri riƙe da igiyarsa, kansa fari fat, haƙoran gaba babu. Sai da ya yi murmushi muka tabbatar. Muryar Madam na bayan waya tana cewa ya zo neman labarinmu ne, ta ce masa akwai ajiyarsa. Tana koya masa abin da zai faɗa, yana ƙoƙari, yana kuskurewa, ma'aikata na dariya. Can ya gyara tsayuwa, ya dubi waya sosai, ya ce da Hausarsa ta koyo:

“Sanusi. Barka da suna.”

Sannan ya kwantar da ragon, ya fuskantar da shi alƙibla, ya yi bisimilla.

Sanusi ya kalla har ƙarshe, ya mayar farko, ya sake kalla. Hawaye na sauka a kan yaron, yaron na ta miƙa hannu zai kama wayar. Sai ya ɗaga shi, ya juyo da fuskarsa wajen hoton.

“Dauda,” ya ce. “Dauda, duba. Ga mai sunanka.”